Kwalbar da Aka Tono a Gindin Randa

Kwalbar ta Rahina ce, autata, amma a lokacin ban sani ba. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Abin da ke ciki farin gari ne wanda ba zai rufe farce ba. Wannan ɗan garin shi ne dukan aikin da ta yi shekaru tana yi a jami'a. Ba ta da wani a ajiye. In ya tafi, aikin ya tafi.

Ina da doka a gidana a Tungar Guru. Garin da ba na hatsi ba ba ya ƙetare zaure. Na kafa ta tun shekarar da dalma ta kashe yara, lokacin da ake daka dutsen zinari a tsakar gida, a turmin da ake daka gero. Jikokina biyu suna cikin waɗanda aka binne. Likitoci suka zo, aka kankare ƙasar gidana, aka kwashe ta a buhuna. Tun daga nan ko tozali na hana. Habsu, matata, ta yi mita har ta gaji ta bari.

Rahina tana yarinya a wannan shekara. An ɗebi jininta, an ba ta ƙwayoyi, ta tashi. Ta yi karatu har ta wuce inda nake ganewa. Ilimin haɗa sinadarai suke ce wa abin da take yi.

A lokacin kaka Rahina ta zo gida, ta ce malamansu sun tafi yajin aiki. Na tsayar da ita a zaure kamar yadda nake tsayar da kowa.

"Mi ke cikin jakar?"

"Tufafi ne, Baba, da littattafai."

"Ba gari?"

"Babu."

Na sa ta buɗe. Na duba da kaina, ban ga komai ba. Ashe yana ƙulle a gefen zanenta.

Da la'asar ta kawo mini fura. Na tambaye ta abin da ya hana karatun nan ƙarewa, ga sa'o'inta duk da goyo.

Ta ce, "Akwai wata saiwa da Fulani ke jiƙa wa shanu in ciwon sammore ya kama su. Ka san ta."

"Na san ta. Ramukan zinari sun cinye dajinta."

"To abin da ke cikin saiwar, mai yin aikin, shi nake ƙerawa. Ba da saiwa ba. Daga wasu sinadarai nake farawa, in ɗora wannan a kan wancan, in dafa, in tace, in sake ɗorawa. Kowane mataki sai wani abu ya salwanta. Na fara da abin da zai cika kwano, na ƙare da abin da numfashi zai ɗauke."

"Abin da Allah Ya ajiye cikin saiwa, ke za ki ƙera?"

"Kwaikwayo nake yi, Baba. Shi Ya yi na farko."

"To kin gama?"

"Na gama, amma ban tabbata shi ba ne. Irin waɗannan abubuwa kamar takalmi suke, akwai na dama, akwai na hagu, kuma ido ba ya rabewa. Sai na samo saiwar, na ciro na cikinta, inji ya gwada su gefe da gefe."

"Ina abin naki yanzu?"

Ta dubi ƙwaryar fura. "Yana inda rana ba ta ganinsa. Haske da zafi ne ke lalata shi."

Na ɗauka jami'a take nufi. Amma na lura ba ta dube ni ba, na kuwa ajiye wannan a raina.

Daga baya na ji yadda aka yi. An yanke musu wuta a ɗakin gwaji, firij ɗin da ke riƙe da kwalbar ya mutu, ita kuma ba ta yarda ta bar ta a hannun kowa ba. Ta san dokata. Sai ta nemi wuri mafi sanyi a gidan, ta tona jiƙaƙƙen yashin da randa ke zaune a kai, ta turbuɗe ta, ta shafe wurin da tafin hannu. Ko Innarta ba ta gaya wa ba.

Washegarin zuwanta ta hau babur zuwa wajen Gummi, rugar Sharu, wani tsohon makiyayi abokina wanda ya san inda saiwar ta rage. Can waya ba ta shiga.

Da hantsin ranar Laraba ina zaure ina gyaran igiyar akuya, sai na ji Habsu ta yi salati da ƙarfi. Na shiga. Kaza ta tona gindin randa, wani abu yana ƙyalli cikin yashi. Habsu ta ja da baya har bango.

"Kada ka taɓa, Malam!"

Na sa sanda na fito da shi. Ɗan ƙulli ne, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin taba, an ɗaure tam. Kowa a ƙasar nan ya san ma'anar abin da aka turbuɗe a gidan mutum, ballantana a gindin ruwan shansa.

Habsu ta ce, "Shi ya sa gwiwata ta ƙi sauka. Shi ya sa akuya ta yi ɓari."

"Gwiwarki ta girmi randar."

"To akuyar fa?"

Ni ma akuyar ta tsaya mini a rai.

Na ɗauke ƙullin a bakin fartanya na fitar da shi ƙofar gida. Na kira Malam Sahabi. Gidansa yana kallon nawa, tare muka yi kiwon awaki muna yara, kuma shi ake nema in an tono irin wannan. Ya zo yana gyara rawani. Ya tsuguna, ya yi tofi, ya warware takardar da tsinke biyu. Kwalba ta fito. An toshe bakinta, an naɗe murfin da wani abu kamar kakin zuma. A jikinta akwai 'yar takarda, an zana gidaje masu kusurwa, manne da juna, da haruffa a wasu kusurwoyin.

Malam Sahabi ya ce, "Hatimi ne."

"Ka taɓa ganin irinshi?"

"Namu murabba'i ne, da haruffan Larabci. Wanga kamar saƙar zuma, ga haruffan boko. Ba aikin ƙasar nan ba ne, Arzika. Daga nesa anka kawo shi."

Ya kai hannu zai buɗe ya sansana.

Na ce, "Ba za a buɗe gari a ƙofar gidana ba."

"To ta yaya zan san ko mi ne?"

"Da ido."

"Kai da taurin kai! Tun muna yara akuyarka ce kullum ba ta biyo garke."

"Ita ce kuma kura ba ta taɓa ci ba. Bar shi a rufe."

Habsu ta leƙo daga bakin zaure. "A bari Rahina ta dawo mana. Ita ta iya boko, ta karanta muna."

Malam ya ce, "Kafin ta dawo ya gama aikinshi a kanku. Ba a barin irin wanga ya huta. Duhu da sanyi anka ba shi don ya yi ƙarfi, sai mu ba shi rana ta kashe shi. A rataye shi inda za ta buge shi tun fitowarta. Ranar Juma'a bayan an sauko a ƙone shi gaban jama'a, da wanda ya turbuɗe shi a tsaye yana kallo."

"Wa ya turbuɗe shi?"

"Wa ya shiga gidanka, wanda ba ɗan ƙasar nan ba?"

Mutum ɗaya ne. Abdussamad, wani saurayi daga gabas, can wajen Gombe, mai aiki a injin niƙan dutse a bayan gari. Na ba shi ɗakin da ke jikin zaurena don na ga ba ya wasa da salla. Sharaɗina ɗaya ne, ya yi wanka ya sake tufafi a rijiya kafin ya taka ƙofata. Kwanakin baya ya zo da ƙura a hularsa, na wanke shi da faɗa a gaban mutane. A wannan makon kuma na sa shi ya kai buhunan gero rumbu, hanyar kuwa ta gaban randa ta bi.

Na ɗaure kwalbar da zare, na rataye ta a kan itacen darni, inda ba inuwa.

Da Abdussamad ya dawo da la'asar, ya tarar da mu zaune, ni da Malam da wasu dattawa. Na nuna masa da sanda.

"Ka san wagga?"

Ya matsa ya duba. "Ban taɓa ganinta ba, Baba."

"Ka shiga gidana."

"Kai ka ce in kai buhu rumbu."

"Ka tsaya wajen randa."

"Na sha ruwa. Inna ce ta ba ni moɗa."

Malam Sahabi ya juya ga dattawa. "Kun ji dai da bakinshi."

Abdussamad ya ce, "Malam, in shan ruwan gidan nan laifi ne, ai ka fi ni. Ni ruwa na sha, kai kullum fura."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Malam ya tashi ya shiga ɗakin yaron ba sallama. Ya fito da ƙananan kwalabe a tafin hannu, ya zube su a ƙasa.

"Waɗanga fa?"

"Na farin ruwan nan ne mai nauyi da muke kama zinari da shi. Wofi ne, ba komai a ciki. Na ce ko wata rana in sa turare."

Na ce, "A jikin zaurena ka ajiye su."

"Na wanke su, Baba. A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ba na son rantsuwa. Ɗauki tabarmarka. Ranar Juma'a ka zo nan bayan salla. In ba ka zo ba, ka amsa da kanka."

Ya naɗe tabarma, ya ɗauki buta da 'yar jakarsa, ya nufi wajen injin.

Ranar Alhamis ban je gona ba. Na zauna a bakin zaure ina kallon kwalbar da masu wucewa. Wanda ya tsaya ya dube ta, na ce me yake nema. Wanda ya wuce bai duba ba, na ce me ya sa ya kau da kai. Na tuna maƙwabcin da muka yi rigimar iyakar gona da shi. Na tuna matar da ke shigo da ƙuli-ƙuli, wadda kullum sai ta ce ƙishirwa take ji. Na tuna ƙanin Habsu da ya so in bari a haƙa rami a fadamata na ƙi. Har Malam Sahabi na auna, don saurin da ya yi wajen gano mai laifi bai kwanta mini ba. Ruwan gidana ban sha ba. Na ɗebo daga rijiya da kaina.

Kafin azahar kwalbar ta yi zafin da ba a taɓawa. Zuwa la'asar garin da ke manne da gilashin ya fara juyawa, ya koma ruwan ɗorawa.

Malam ya zo ya duba, ya yi murmushi. "Ka gani? Shina mutuwa."

"Abin da rana ke juyawa haka, mi anka sa a ciki?"

"Gobe wuta ta tambaye shi."

Ranar Juma'a da aka sauko, mutane suka biyo mu har ƙofar gida. Aka tara kara aka kunna. Mata suna leƙe ta saman katanga. Abdussamad ya zo. Ya tsaya can gefe, hannuwa a ƙirji, ba wanda ya tsaya kusa da shi. Malam Sahabi ya fara karatu. Ni zan jefa, don gidana ne. Na miƙa sanda zan zaro kwalbar daga kan darni.

Sai ga babur. Rahina ce a baya, da ɗaurin saiwoyi a cinya. Ta ga taro, ta ga wuta, ta bi sandata da ido har kan darni. Ba ta jira babur ya tsaya ba. Ta diro, saiwoyin suka watse a ƙasa, ta ratsa maza da gudu.

"Baba, kada! Tawa ce! Tawa ce!"

Karatun Malam ya yanke. Ba wanda ya yi motsi sai wutar.

Ta kai hannu ga kwalbar, na tare ta da sanda.

"Mi kika ce?"

"Tawa ce. Ni na binne ta. Aikina ne, wanda na gaya maka. Wa ya cire takardar? Tun yaushe take a rana?"

"Tun Laraba."

Ta dafe kai da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba.

Daga bayan taron wani ya ce, "Ɗiya ta yi wa ubanta asiri." Wani ya ce, "Ba asiri ba ne, hodar nan ce da 'yan birni ke shaƙa, ita suke ba 'yan makaranta su ɗauko." Na ji su duka. Ban juya ba.

Malam Sahabi ya ce, "Hatimin fa, Rahina? Wa ya rubuta miki?"

"Ba hatimi ba ne, Baba Malam. Hoton abin ne. Haka ƙwayarsa take a ƙulle, in da ido zai iya gani."

"Gari ne a ciki, hoto kuma saƙar zuma. Ni dai ban ga kama ba."

Na ce mata, "Na tambaye ki a zaure."

"Ka tambaye ni."

"Kin ce babu."

"Na ce babu a jaka."

"Kada ki yi mini wayon 'yan boko."

Ta sunkuyar da kai. "Na yi maka ƙarya, Baba."

"Don mi?"

"Da na faɗa, da ka hana."

"Da na hana."

Karan yana ci, har an ƙara wani dami.

Malam ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Abu mai sauƙi ne. Ta ce magani ne. Ko mai tallar magani a kasuwar Bukkuyum, in ka tsare shi, sai ya fara lasar abinshi kafin ya miƙa maka. In nata ne kuma lafiya lau ne, ta buɗe can nesa da ƙofa, ta lasa gabanmu. In ta lasa, a ba ta abinta. In ta ƙi, ga wuta."

Mutane suka ce haka ne. Ni ma na ga haka ne. Tun kakanni wanda ya kawo abu shi ke fara kaiwa baki.

Na ce, "Kin ji."

Ta ɗago. "Ba zan lasa ba."

"Rahina."

"Ba zan lasa ba, Baba. Ba a lasar abin ɗakin gwaji. Ko da buhu gare ni ba zan lasa ba, balle wannan."

Hayaniya ta tashi. "A ƙone! A ƙone!" Habsu tana kuka a bayan katanga, tana cewa, "Ki lasa mana, ɗiyata, ko kaɗan ne, a huta!"

Na ɗaga sanda, aka yi shiru. Na zaro kwalbar, tana lilo a bakin sandar. Tsakanina da wuta ba nisa.

"Ke kika yi shi da hannunki?"

"Ni na yi shi."

"Kin san abin da kika sa a ciki?"

"Na san kowane abu."

"To shina kashe mutum?"

"Ban sani ba."

"Wa ya sani?"

"Ba kowa tukuna. Ba a gwada shi a kan ko ɓera ba. Yana iya warkar da saniya, yana iya kashe ta. Yana iya zama na hagun ne, ba na daman ba. Sai an gwada, kuma gwajin zai ɗauki shekaru. Shi ya sa na toshe shi, shi ya sa ba zan sa shi a baki ba, ba kuma zan bar kowa ya sa ba."

Malam ya ce, "Ka ji, Arzika. Da bakinta. Jefa."

Ban jefa ba. A shekarar da yara suka mutu na tambayi mutane da yawa wannan tambaya. Na tambayi masu kawo dutsen, suka ce ƙasa ce, ba ta komai. Na tambayi mai injin, ya ɗebi garin ya shafa a harshe yana dariya don in gani. Ɗana da kansa ya ce, Baba, kowa yana dakawa. Duk sun sani, duk sun tabbata. Ba wanda ya ce mini bai sani ba.

Na dubi yarinyar. Da ta so, da ta taɓa yatsa a harshe ta karɓi abinta, don abin da ya fi komai a wurinta ke nan. Ta ga wutar, ta kuma ƙi.

Wannan bai wanke ta ba. Mai ƙarya jiya yana iya yin wata yau. Amma ƙaryar da za ta cece ta ita ce ta ce ba ya komai, kuma ba ta faɗe ta ba.

Na juya sandar, na miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi sauri ta tura ta ƙarƙashin hijabi. Ta tsuguna a inuwar katanga, ta buɗe kaɗan tana dubawa, tana juya ta a hankali.

Malam ya ce, "Arzika, gaban jama'a ka yarda da sharaɗi."

"Gidana ne. Ɗiyata ce."

"To wutar fa?"

"Ka gasa gyaɗa."

Ya kaɗa riga ya tafi yana magana shi kaɗai. Wasu suka bi shi. Wasu suka tsaya don su ga ƙarshe.

Na tsaya a kanta. "Ya mutu?"

"Na gefe ya mutu. Fiye da rabi. Tsakiya da sauran fari."

"Zai yi?"

"In na tace shi da kyau zai isa gwaji ɗaya. In wani abu ya samu inji a ranar, babu na biyu."

"Ba zai kwana gidana ba."

"Na sani."

"Ke kina iya kwana. A ba wani ya riƙe shi."

"Wa? Baba Malam?" Ta girgiza kai. "Ba zan sake barinsa inda ba na gani ba. Ina da ƙawa a Anka, wurin aikinsu akwai firij mai aiki da hasken rana. In na tashi yanzu zan samu mota a Bukkuyum."

Habsu ta fito har ƙofa, abin da ba ta yi in akwai maza. "Ko tuwo ba ta ci ba, Malam! Daga Gummi take!"

"Ba ni na kore ta ba. Kwalbar na hana."

Habsu ta koma ciki tana share ido. Ta dawo da ɗan tulu da jiƙaƙƙen tsumma da ƙullin dawon fura. Rahina ta naɗe kwalbar da takardarta mai ƙyalli, wadda aka tsinto a gindin darni, ta sa a tulun, ta toshe da tsumma. Abdussamad ya tattara mata saiwoyin da suka watse, ya ɗaure, ya miƙa.

Ta ce masa, "Ka yafe ni. Na ji an ce kai aka kama."

"Ba komai, Malama. Amma in za ki sake binnewa, ki bari sai na bar garin." Ya juyo gare ni. "Baba, in dawo da tabarmata?"

"Ka bar kwalabenka a wajen injin."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ɗakin yana nan."

Ya yi dariya ya tafi. Ban san ko zai dawo ba.

Rahina ta durƙusa a gabana da tulun a ƙirji. Na bar ta a durƙushe na ɗan lokaci.

Na ce, "Ranar da kika gano abin da shike yi, mai kyau ko mugu, ki zo nan ki faɗa mini da bakinki. Kada ki aiko, kada ki bugo waya. Ina son in ga idonki."

"Zan zo, Baba."

"Tashi. Rana na yi."

Ta hau babur, ta rufe tulun da hijabi, ta rungume shi kamar jinjiri. Suka bi hanyar Bukkuyum.

Habsu tana tsaye a bayana. Da suka sha kwana ta ce, "Malam, ka yarda da ita?"

Na ce, "Na yarda ba ta sani ba. Je ki zubar da ruwan randar nan."